Ranar da Na Tona Asirin Maigidana a Kawo

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta ranar da na tona asirin maigidana a Kawo ba. Saura 'yan shekaru a ba mu mulkin kai, ina ɗan amshin wani mawaƙi mai kukuma wanda muryarsa ta cika akwatunan rediyo a Kaduna. Tare muka koyi waƙa, na ma riga shi iya goga kukumar. Amma shi ake yafa wa riga, ni kuwa a ce, "Kai, riƙe masa." Ina riƙewa ina murmushin yaƙe. Hassada ce, ba zan ɓoye muku ba.

Wata rana da hantsi na je kiransa a shagon wani tela da yake yawan zama. Na ɗaga labulen ciki ba sallama, sai na tarar da shi kwance, kansa a cinyar telan, suna magana irin wadda masoya kaɗai ke yi. Maigidana ya tashi, ya kama hannuna ya ce, "Ɗan'uwa, don Allah ka rufa min asiri."

Na ce, "Haba maigida, ni ban ga komai ba."

Kwana tara ina juya maganar. Na riƙa gaya wa kaina cewa mutumin da jama'a ke saurare, haƙƙinsu ne su san ko wane ne. Ƙarya nake yi, matsayinsa nake so.

A sana'armu, kafin mawaƙi ya fara, babban ɗan amshi ke tashi ya yi masa kirari. A wani bikin suna a Kawo bayan la'asar na miƙe, jama'a suka yi shiru suna jiran kirari, sai na zayyana abin da na gani, har da sunan telan. Maigidana bai musa ba, bai zage ni ba. Ya dube ni, ya sa kukumarsa a jaka, ya ratsa mutane ya fita, wasu na tofar da yawu.

Kafin sati gidan rediyo suka sallame shi, aka jejjefe shagon tela, su biyun suka bar gari. Ni kuwa aka gwada muryata, aka ce in tafi za a neme ni. Har yau ana nema na. Masu biki ma suka guje ni, wai mai irin bakina ba a shiga da shi gida.

Duk wannan bai dame ni ba kamar ranar da mahaifiyarsa ta tare ni a bakin kasuwa. Na ɗauka tsine min za ta yi. Sai ta ce, "Ɗan nan, ka san inda yake? So nake in gan shi." Ban sani ba. Ta rasu ba ta sake sa shi a ido ba.

Abin da na koya shi ne, shaharar mutum ba ta mayar da asirinsa kayan kowa. In ka ji bakinka na ƙaiƙayin tona wani da sunan gyara, tsaya ka tambayi zuciyarka abin da take so. Tawa ban tambaye ta ba sai da wata tsohuwa ta rasa ɗanta.