Ƙafar da Ba Ta Ciwo a Gaban Likita

Edita, a farkon shekarun alif ɗari tara da tamanin ni saurayi ne mai ji da kansa, ina buga lamba bakwai a ƙungiyar ƙwallon wata masaƙa a Kakuri. Gaskiya ba don na iya saƙa aka ɗauke ni aiki ba, don gudu ne. Da aikin nan nake riƙe mahaifiyata da ƙannena a Makera.

Sai ƙafata ta dama ta tsiro da wani hali. Da na yi nisa da gudu, sai ƙwaurina ya kumbura ya yi tauri kamar icce, saman ƙafar ya dena ji, amma in na ɗan zauna sai ya saki kamar ba a yi ba. Kafin layi ya zo kaina a asibitin kamfani na huta sarai. Likita ya latsa, ya ɗauki hoto, ya ce ƙashi lafiya lau. Kocinmu ya ce ragwanci ne kawai, abokai suka laƙaba mini mai ciwon ranar wasa. Lokacin ana ta rage ma'aikata, na kuma san ranar da na bar fili zan bar masaƙa. Sai na koma ɗaure ƙwaurin tamau da bandeji, ina shiga fili ina cije baki.

A wani wasa ciwon ya zo ya ƙi tafiya. Mahaifiyata ta yi ta gasa mini da ruwan zafi, sai washegari aka kai ni babban asibiti. Likitan can ya ce naman ne ke kumbura a cikin wata fatar ciki da ba ta buɗewa, jini ya kasa wucewa, ɗaurina kuma ƙara shaƙe shi yake yi. Ya ce da tun farko an sa ni gudu an duba ni nan take, da ƙaramar tiyata ta isa in koma fili. Aka tsaga ƙwaurin tun daga sama har ƙasa. An ceci ƙafar, amma jijiyar da ke ɗaga ta ta riga ta mutu. Koci ya zo dubiya, ya ga raunin, ya kasa haɗa ido da ni. Aikin ma bai jira na warke ba.

Har gobe abin yana ci mini rai. 'Yan wasa, in ciwonku sai da gudu yake fitowa, ku nace a duba ku da zufarku. Iyaye da koci-koci, ku yarda da yaro in ya ce ƙafarsa na ciwo. Ni sai da aka tsaga ni aka yarda da ni, ga shi yau jan ƙafar nake yi.