Mai Guga Ta Ƙi Sa Rana

Da asuba, kafin in fito da akwatin kayan aikina, ita ta riga ta tsuguna a baranda tana hura gawayin dutsen guga. Mai Guga ake ce mata a duk gidajen gwamnatin nan, inda nake gyaran famfo. Ɗaki da falo gare ta a hawa na uku. Rabin falon tulin kayan mutane ne, rabi katifar 'ya'yanta mata biyu. Tun da mijinta ya rasu, da dutsen nan take riƙe da su.

Sai uwar mijin ta samu shanyewar ɓarin jiki. 'Ya'yan tsohuwar maza suka yi taro, kowa ya kawo uzurinsa. Mai Guga ba ta je taron ba. Mota ta ɗauka ta je ta kwaso tsohuwar, ta bar mata gado, ita ta koma ƙasa.

Tsohuwar jiki ya mutu amma baki na nan. Duk na shiga duba famfo sai ta ce, "Kai mai famfo, har yau ban ga lefena ba."

"Iya, ki miƙe tukuna, ba na auren raguwa."

A dokar gidajen, ɗaki da falo ba ya wuce mutum uku. Masu duba gidaje suka zo suka ƙirga kawuna, hukuma ta soke zaman Mai Guga a gidan. Aka ce tana iya ɗaukaka ƙara, ta ɗaukaka. Na raka ta don in shaida ba ta taɓa lalata ko kan famfo ba. Ƙanin mijinta ya rantse zai zo ya faɗa wa kwamiti shi zai ɗauki uwarsa. Ranar wayarsa a kashe take.

Muka yini a kan benci kafin a kira mu. Shugabar kwamitin mace ce mai tabarau, ita ma da gani ta gaji.

"Baiwar Allah, ba ma son korar ki," ta ce. "Faɗa mana ranar da tsohuwar za ta bar gidan, ko wata shida ne, mu janye hukuncin."

Mai Guga ta sunkuyar da kai. "Ranki ya daɗe, uwar mijina ce."

"Mun sani. Rana kawai muke so."

"Ni zan sa mata ranar tafiya? Ko baƙon kwana ɗaya ba a tambayarsa yaushe zai tafi, balle wadda ta haifi uban 'ya'yana."

Na taka mata ƙafa a hankali. Na ce, "Yaya, faɗi kowace rana mana. Ai Iya ba ta nan, ba za ta ji ba."

"Ni ai ina nan," ta ce.

Shugabar ta cire tabarau ta murza ido. Ta sake tambaya, amsar ba ta sauya ba. Ba a ma nemi shaidata ba. Aka tabbatar da hukunci, aka ba ta zuwa ƙarshen wata.

A hanya na yi ta faɗa, ita kuwa lissafin kayan da ba ta goge ba take yi. Ta samu wani shago a bayan kasuwa, ba taga, famfo sai a waje. Tsohuwar kuwa aka ce mata an samu wuri a ƙasa, inda za ta riƙa shan iska.

Ranar tashi maƙwabta suka cika baranda da "Allah ya saka miki". Mutum biyu ne muka ɗauki gado. Da aka kwashe komai na ce bari in sauko da Iya.

"Tsaya can," in ji tsohuwar. "Ba lefe, ba taɓawa."

Mai Guga ta juya mata baya ta durƙusa, 'ya'yan suka ɗora mata kakarsu. Ta ja zane ta ɗaure tam a ƙirji, ta dafa bango, ta fara sauka.