Tham Mai Taya da Tafiyar Kampar

Duk faɗin garin Ipoh babu wanda ya kai Tham Yew Kong wulaƙanta taya. Wasu masu shago idan sabbin kaya suka iso murna suke yi, shi kuwa sai ya ɗaure fuska kamar an kawo masa surukin da bai yi masa ba. Zai mirgino tayar bakin ƙofa inda haske yake, ya sunsuna ta, ya luma farcen babban yatsansa cikin robar, ya tsaya yana kallo ko shaidar farcen za ta cike. Matarsa, kafin ta rasu, takan ce da ita ma ya luma mata farcen nan ranar aure, da ya mayar da ita gidan ubanta.

Da facin tib ɗin tayoyin manyan motocin kuza ya fara, zamanin da garin ke cin arzikin kuza. Da harkar ta mutu, sai ya kama shago mai ƙofa ɗaya tsakanin mai taliyar shinkafa da mai gyaran agogo, yana nan har ya kai shekara saba'in da uku. Doka ɗaya gare shi: ba ya ɗaura tayar da ta wuce shekara biyar da yi, ko da ba ta taɓa taka kwalta ba. Roba, in ji shi, tana tsufa ko a kwance take. Zanenta zai kasance cif, tana ƙyalli, amma ta bushe ta ciki, ruwan sama na sauka ta zama sabulu. Ba a makaranta ya koyi wannan ba. Yana matashi ya ɗaura wa wani mai tasi irin waɗannan, masu ƙyalli, masu araha. Mutumin bai mutu ba, amma bai sake tafiya da ƙafafunsa ba. Tun daga nan Tham bai ƙara yarda da ƙyalli ba.

Abin dariyar, mutumin da ya ƙare rayuwarsa a ƙarƙashin motoci bai iya tuƙi ba. Ɗan babur gare shi. Duk motar da ya shiga, a kujerar hagu, wadda a ƙasar ita ce ta fasinja, yake zama yana ba da umarni, kuma ba wadda ya fi shiga kamar ta Lau Pak Shing.

Pak Shing malamin lissafi ne da ya yi ritaya, abokinsa tun suna wanka a kududdufin kuza. Motarsa 'yar ƙaramar motar tsere ce ƙirar Ingila, koriya, kujera biyu, ba rufi, ya saye ta hannun wani Baturen kamfanin kuza da zai koma gida. Shekara arba'in da ɗoriya, duk Lahadi da safe sai su biyu su tafi Kampar cin burodin nan da ake gasawa da kaza mai yaji a cikinsa. Kilomita arba'in ne. Suna fita suke fara faɗa, ba sa gamawa sai sun dawo. Tham na kiransa Sanƙo, shi kuma yana kiran Tham Farce.

"Sanƙo, rage wuta, kwana ce!"

"Farce, wanda bai san birki da totur ba shi ne zai koya min kwana?"

Sai shanyewar ɓarin jiki ta kama Pak Shing. Wata huɗu ya yi yana jinya. Ƙafar hagu ta dawo, hannun hagu, na sa giyar mota, ya ƙi. Yana asibitin ne kuma mijin 'yarsa, da kyakkyawar niyya, ya kai motar wani sabon shago aka cire siraran tayoyinta aka sa mata faffaɗa irin na zamani, wai don tsoho ya dawo ya yi farin ciki. Tsofaffin kuwa aka zubar.

Ranar da Tham ya ga motar sai da ya nemi kujera.

"Wa ya sa wa akuya takalmin giwa?"

Matsalar ba ta kyau ba ce. Motar ba ta da na'urar da ke sauƙaƙa sitiyari, ƙarfin damtse ne kawai. Siririyar taya tana taɓa ƙasa kaɗan, sitiyari ya yi laushi. Faffaɗa kuwa kama ƙasa take yi, ko ƙato mai hannu biyu sai ya yi nishi kafin ya fito daga gareji. Pak Shing ya gwada da hannunsa ɗaya, sitiyarin ko motsi.

"Sau ɗaya nake so, Farce," in ji shi, bakinsa a ɗan karkace. "In tuƙa da kaina zuwa Kampar. Ni sitiyari da kuloci, kai giya. In na ce sa, ka sa. Samo min siraran nan kawai."

"Ka ɗauka sun zo."

Irin wannan taya ta yi wuya yanzu. Tham ya buga waya ko'ina, har wani dila a Penang ya ce yana da guda huɗu, sababbi fil a leda. Kwana uku suka iso. Suet Ying, 'yar Pak Shing, ta kawo mahaifinta shagon, ya sha farar riga da hular tuƙinsa, kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Tayoyin sun yi kyau, wannan ba musu. Girmansu daidai, zanensu irin na da. Tham ya mirgino ɗaya bakin ƙofa. Ya sunsuna. Ya luma farce, farcen ya ƙi shiga. Sai ya sa tabarau ya nemi lambobin nan huɗu da ake bugawa a gefen kowace taya, biyu na makon da aka yi ta, biyu na shekarar. Ya duba ta biyu, ta uku, ta huɗu.

"Za su koma," ya ce.

"Su koma ina?"

"Penang. Shekararsu bakwai."

"Bakwai! Ni shekarata saba'in da takwas, ka ga an mayar da ni?"

"Da ni ne mai karɓarka, da tuni."

Pak Shing ya yi dariya da rabin bakinsa, sannan dariyar ta ƙare. "Kilomita arba'in ne fa. A hankali zan tafi, masu keke su wuce mu in sun ga dama."

"In aka yi ruwa?"

"Da sassafe za mu fita."

"Ruwan garin nan agogo yake ɗaurawa? Ka ji ni, Sanƙo. Hannu ɗaya gare ka. In bayan motar ya zame, da me za ka kamo ta? Da kunne? Zan yi odar sababbi daga waje, masu laushin roba, masu riƙe jiƙaƙƙiyar kwalta. Mako shida."

Suet Ying ta bi shi bayan shago inda yake neman lambar wayar dila a littafinsa.

"Baffa, don Allah ka sa masa waɗannan."

"Mako shida ne kawai, 'yata."

"Likita bai ce min mako nawa ba, Baffa."

Ya ji ta sarai. Ya ɗan tsaya da littafin a hannu. Amma mai tasin nan ya faɗo masa a rai, da yadda aka fito da shi daga motar, sai ya ce, "Ba zan ɗora ubanki a kan sabulu ba." Washegari tayoyin suka koma Penang.

Don kada jiran ya yi tsawo, Tham ya ɗage motar a garejin Pak Shing, ya ɗora ta kan gungume huɗu, ya cire faffaɗan. Duk Lahadi sai su shiga su zauna, a tayar da inji, su yi atisaye. Pak Shing ya taka kuloci ya ce "Sa!", Tham ya ja giya, wani lokaci ta shiga, wani lokaci ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa.

"Ta uku na ce, ba ta baya ba! Gida za ka mayar da mu?"

"Ai ba ka taka ba, ƙafar taka barci take yi."

"Ina muka kai?"

"Mun wuce Gopeng."

"To ka riƙe hularka, zan ba ta wuta."

Maƙwabta har leƙowa suke yi su ga tsofaffi biyu na gudu a mota ba taya.

Mako shida ya zo ya wuce. Dila ya ce jirgin ruwa ya yi jinkiri. A mako na bakwai ya ce kwantenar na tashar ruwa ana takardu. A na takwas Tham ya hau babur ya je Kampar da kansa ya sayo burodin, ya kawo shi da ɗuminsa. Pak Shing ya gutsira kaɗan ya ajiye.

"Na gode. Amma ai ba yunwa nake ji ba, Farce."

Ranar ba su shiga motar ba. Pak Shing ya ce ya gaji.

Daren farko da Tham ya yi tunanin buga wa na Penang waya ya ce a dawo da waɗancan, ya ce bari gobe. Gobe ta yi, dilan da ya ba odar sababbin ya rantse masa saura kwana biyar. Ya ce to, wanda ya jira mako takwas, me kwana biyar za su yi masa?

Ranar Alhamis ta mako na tara, da hantsi, Pak Shing na shan kofi a baranda ciwon ya sake dawowa. Kafin a kai asibiti ya cika.

Tayoyin sun iso kwana shida bayan jana'iza. Tham bai sunsuna su ba. Ya ɗaure su biyu-biyu a bayan babur, sawu biyu, ya je ya ɗaura su, ya sauke motar daga gungume. Ya zagaya ya zauna a kujerar dama ta direba, inda bai taɓa zama ba, ya sa hannunsa na hagu a aljihu, ya kama sitiyari da na dama. Sitiyarin ya juya kamar ana juya cokali a shayi. Gaskiyarsa ce tun farko, da siraran tayoyi hannu ɗaya ya isa, ga ta nan ta fito. Ya daɗe a zaune, har Suet Ying ta zo ta tsaya a bakin garejin.

"Baffa, gobe da safe za mu ƙona masa kayan takarda. Gida, da tufafi, da mota. Gwaggo Kwan ta gama haɗawa. Ko za ka je ka gani?"

Shagon Gwaggo Kwan cike yake da abin da ake aika wa matattu ta hanyar wuta: gidajen bene na takarda, firji, wayoyi, har da masu aiki. Motar na tsakiya, an yi ta da tsinken gora da koriyar takarda, kujera biyu, ba rufi. Ta duba hoto ta yi, kuma ta iya. Sai dai hoton da aka ba ta na kwanan nan ne, mai faffaɗan tayoyin nan.

"Waɗannan tayoyin ba za su yi ba," in ji Tham.

"Kai kuma fa? Takarda ce, tsoho. Wuta za ta ci."

"Hannu ɗaya gare shi, Kwan. Ba zai iya juya ta ba."

Ta buɗe baki za ta yi masa tsiya, ta dubi fuskarsa, ta fasa. Ta shiga ciki ta yi ta bincike, ta fito da wasu fallayen baƙar takarda da suka koɗe, gefensu duk rana ta cinye.

"Mai kyan ta ƙare. Wannan tun bara waccan take nan, ni kaina ba na son ta. In za ka bari, mako mai zuwa ana kawo min sabuwa, sai a ƙona motar daga baya. Mutane na yin haka."

Tham ya karɓi takardar. Babban yatsansa ya tafi kanta da kansa, ya janye shi.

"Miƙo almakashi," ya ce.

Ya zauna a ƙasa, ya auna faɗin siririyar taya da yatsu huɗu, ya fara yanka.