Babu Fara a Dabbobin Sin

Jikata Ummi ce ke rubuta mini wannan, ni ban yi boko ba. Tun rasuwar maigidana Malam 'yata ta ɗauko ni zuwa unguwar Abu Hail a ƙasar Larabawa, kuma har yau ko sunansa aka ambata sai na yi hawaye.

Kwanan baya Ummi ta dawo daga makaranta da wata roba mai laushi da 'yan wuƙaƙe. Wai mutanen Sin suna da dabbobi goma sha biyu, kowace shekara da tata. An ce kowa ya sassaƙa dabbar wani na gida, ya shafa tawada, ya danna a takarda. Ni ta zaɓa. Ta tambayi shekarar haihuwata, na ce shekarar fara. Ta duba waya, ta ce babu fara a ciki.

Sai na tuna kakata, Iya Dudu. Bayan sallar isha'i takan sa ƙarfe a wuta tana zanen ƙwarya, muna kewaye da ita, ƙauri na tashi. Ba ta buɗe baki sai ƙarfen ya yi ja. Akwai tatsuniyar da take yawan yi mini. Dabbobi sun taru rabon gona, fara ta zo, bijimi ya ce ba a lissafi da wanda bai kai kofato ba. Ta tashi ta tafi. Da hatsi ya nuna ta dawo da danginta, suka bar kara tsaye. Sai Iya ta nuna ni da ƙarfen: "Ke a shekararsu kika zo. Kada ki yarda a tsallake ki."

Na ce wa Ummi ta sassaƙa fara kawai. Ta ce malamarsu za ta rage mata maki. Ta ɗauko fasfona, ta yi lissafi da shekarar da Malam ya ƙaga wa ma'aikaci lokacin da za mu aikin hajji. Bijimi ya fito. Duk cikin dabbobin duniya, bijimi.

"Khalas, shi ke nan, tsohuwa," in ji ta, "ai kun yi kama wajen taurin kai."

Ni na riƙe mata takardar ta danna, raina a ɓace. Ya fito ras, har da ƙaho, an manna shi a jikin firji da sunana a ƙasa.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar nan ta ramuwa ce. Sai yanzu na lura fara tana da dangin da za ta kira. Ni waɗanda suka san shekarar nan duk suna ƙarƙashin ƙasa, Malam ne na ƙarshensu.