Ƙanin Wani

Akwai ranakun aiki da nake mantawa da su tun kafin in isa gida, amma ban da ranar da aka yi gudun yada ƙanin wani daga Gaya zuwa Ajingi. Ku da kuka shigo aikin lafiya a bayanmu kuna jin ana tsokanata da Likitan Acaba, to yau ga asalin sunan.

A lokacin ni ne incaj, wato shugaban wani ƙaramin asibiti a ƙasar Gaya. Wata ƙungiyar masu son wasanni ce ta shirya gasar, uban tafiyar kuwa Alhaji Sabi'u ne, dillalin hatsi da Allah ya buɗa wa, wanda siyasa ta fara yi wa ƙaiƙayi. Ya je Legas ya tarar ana irin wannan gudu, an rufe tituna, mutane ba masaka tsinke, ya dawo da waya cike da hotuna yana tambayar me Legas ta fi Gaya da shi in ban da teku. Aka kafa kwamiti, aka nemi aron ma'aikacin lafiya da motar asibiti. Ni aka tura, tare da direba Malam Haladu.

Ga wanda bai san tsarin ba, ƙa'idar ba ta da wuya. Dogon gudu da sanyin safiya ake fara shi, a ajiye ruwa a hanya, motar asibiti kuma ta bi bayan mai gudu na ƙarshe. Na gaba ƙarfi gare shi, shi ya sa yake gaba. Wanda zai faɗi yana can baya yana jan ƙafa, kuma shi ne marar lafiyarka.

Haka na yi wa kwamiti bayani a falon Alhaji. Alhaji ya saurare ni da irin haƙurin da ake yi wa mai wa'azi a tasha, sannan ya miƙo min wayarsa. A hoton Legas ga motar asibiti nan a tsaye kusa da rumfar manyan baƙi, don haka a wurinsa magana ta ƙare. Na ce ai su motocinsu da yawa, ta bayan ce ba ta shiga hoto ba. Sai ya kawo hujjar da duk falon ya gyaɗa wa kai: tunda aka halicci jiniya, a gaban babban mutum take tafiya. Wa ya taɓa ganin jiniya a bayan talakawa? In aka mayar da ita baya, mutanen Ajingi za su ce taron Alhaji ba shi da nauyi.

"Likita, na gaba ya yi gaba, na baya sai labari," in ji shi. Aka yi dariya, aka kawo lemo.

Ranar ta faɗo cikin bazara. An ce da an idar da sallar asuba za a tashi, amma babban baƙo daga Kano bai iso ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Da ya iso kuma sai jawabai, kowane mai babbar riga sai da ya gode wa na kusa da shi. Masu gudu suna tsaye a rana suna gumi tun ba su ɗaga ƙafa ba. Don filin ya cika a hoto, Alhaji ya kwaso 'yan gidansu da yaran shagonsa ya sa musu riguna masu ɗauke da fuskarsa, da umarnin su yi gudu har su wuce masu ɗaukar hoto, in an kai bakin gari kowa ya zame ya koma gida.

Aka busa usur. Mu ne a kan gaba, Malam Haladu ya saki jiniya, ni ina zaune a gefensa kamar ango, motocin manya a bayanmu. Muka bar masu gudu da ƙurarmu. Ruwan leda da aka saya don hanya, ashe duk an wuce da shi Ajingi saboda baƙi kada su ji ƙishirwa a inuwa. Muka isa tun kafin na ɗaya ya yi rabin tafiya, aka nuna mana gefen rumfa, daidai yadda yake a hoton Legas, sannan motocin baƙi suka jeru a bayanmu suka toshe mu.

Na farko ya shigo, wani siririn matashi, aka yi tafi. Na biyu da na uku suka biyo. Ana shirin ba da kyaututtuka sai ga ɗan acaba ya kutso cikin taro yana neman likita, ya ce wani ya yanke jiki ya faɗi can baya, ko magana ba ya yi. Na shiga rumfa na durƙusa gefen kujerar Alhaji na faɗa masa, na roƙi a janye motoci mu fita. Ya ce babu motar da za ta motsa sai an gama rabon kyauta, kuma jiniyar ce za ta raka babban baƙo bakin hanya. Sannan ya juya ga baƙinsa, ya ɗaga murya don kowa ya amfana.

"To ai sunan gudun ke nan, yada ƙanin wani. Ga shi an yada."

Rumfar ta kwashe da dariya. Ban taɓa jin haushin dariya irin na ranar ba. Na koma mota na ɗauki jakata da ledar ƙarin ruwa, na haye bayan ɗan acaban.

Mun yi tafiya mai nisa kafin mu same shi. Wani manomi ɗan Toranke, Malam Ya'u, yana kan hanyar kasuwa da amalankensa ya gan shi kwance a bakin kwalta, ya jawo shi gindin darbejiya ya juye masa ruwan jarkarsa. Mutumin babba ne, mai jiki. Fatarsa zafi zau, gumi ya ɗauke, idanu sun juye, sai sambatu. Duk wanda ya yi aikin nan ya san wannan ba gajiya ba ce, zafin rana ne ya dafa shi, kuma irinsa yana kashewa. Muka yaga rigar mai fuskar Alhaji, muka jiƙa shi, Malam Ya'u yana yi masa fifita da malafarsa. Na ɗaura masa ruwa, muka rataye ledar a reshe. Amma wannan riƙon ƙwarya ne kawai. Sai an kai shi babban asibiti, ga shi ba ya zaunuwa a babur, shanu kuma ba su san gaggawa ba.

Ina goge masa ƙasar da ta manne a fuska na gane shi. Nafi'u tela ne, ƙanin Alhaji Sabi'u uwa ɗaya uba ɗaya. Daga baya muka ji cewa abokansa ne suka tsokane shi da tumbi, suka ce ko tasha ba zai wuce ba, shi kuwa ya rantse sai ya ga Ajingi.

Na kira Alhaji. Ya ɗauka da ƙyar, ina jin maroƙa a bayansa.

"Ranka ya daɗe, ƙanin da aka yada, na same shi," na ce. "Naka ne. Nafi'u."

Sai ya katse wayar. Daga baya Malam Haladu ya ba ni labarin sauran: motocin da aka ce ba sa motsuwa, cikin ƙiftawar ido suka watse, wata ma ɗaukar ta aka yi da hannu. Alhaji ya ruga daga rumfa zuwa motar asibiti, babbar riga a hannu, hula ta faɗi bai waiwaya ba. Haladu ya ce da da Alhaji aka yi gasar, da ya zo na ɗaya. Babban baƙo kuwa ya koma Kano ba jiniya, kuma ban ji an ce wani abu ya same shi a hanya ba.

Nafi'u ya rayu, amma ya daɗe kwance a Kano, kuma ƙodarsa ba ta koma daidai ba. Har yau yana zuwa asibiti, keken ɗinkin ma sai jefi-jefi. Ina son mutumin, shi ya ɗinka min kayan aurena, kuma duk lokacin da na gan shi yana tafiya a hankali sai raina ya ɓaci.

A barandar asibitin, ranar da muka kai shi, Alhaji ya tare ni ido jawur.

"Likita, don Allah me ya sa tun a rumfa ba ka ce min Nafi'u ba ne?"

"Ranka ya daɗe, a lokacin ni ma ƙanin wani na sani."

Ya juya ya koma ɗakin da aka kwantar da Nafi'u. Da shekara ta zagayo aka sake shirya gudun, aka sake kira na falon. Kafin in buɗe baki Alhaji ya miƙe ya karantar da kwamiti cewa motar asibiti a bayan mai gudu na ƙarshe take tafiya, haka ake yi a Legas, kuma yana mamakin yadda ma'aikatan lafiyarmu ba su san wannan ba. Duk falon ya gyaɗa kai, ni ma na gyaɗa.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, a aikin nan za ku yi ta faɗar ƙa'ida ana kawo muku lemo. Mutanenmu ba mugaye ba ne, amma ƙa'ida ba ta shiga kunnensu sai ta zo da sunan ɗan gidansu. Ku kada ku jira sunan. Ni dai tun daga ranar, in aka ce min wani ya faɗi ba na tambayar ko wane ne. Na riga na san ƙanin wani ne, wanin ne kawai labari bai kai masa ba tukuna.