Kuɗin Ɗakin da Ba Wanda Ya Taya

Da kuɗin giratuti na gyara ɗakuna biyun da ke bayan gidana a Tudun Wada. Shekara da shekaru ina ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan, abin da na tsira da shi ke nan: tayil, fanka, banɗaki a ciki da 'yar sola. 'Yata da ke aiki a Kaduna ce ta sa ɗakunan a wata manhajar waya inda baƙi ke kama masaukin kwana biyu ko uku. Baƙo ya biya kamfanin, kamfanin ya yanki kamashonsa, ya turo mini saura. Ban taɓa ganin fuskar masu kamfanin ba, amma duk wanda ya kwana a gidana sai sun ci.

Baƙi na yi su kala-kala, 'yan biki da iyayen ɗalibai, yawancinsu na manta da su. Wanda ban manta ba wani malamin firamare ne daga wajen Saminaka, mai kawo mahaifiyarsa ganin likitan zuciya duk ƙarshen wata. Kwana uku suke yi. Inna muke ce wa tsohuwar. 'Yar ƙarama ce, ga tsiwa. Ranar da ta fara zuwa ta gaya mini fentin ɗakin bai yi ba. Matata kan dama mata kunun gyaɗa ba sukari, ita kuma ta zo mana da ƙullin daddawa. Har ta daina komawa da kujerarta 'yar tsuguno da take alwala a kai, sai ta jingine ta a bayan ƙofa. "Ai ɗakina ne," in ji ta.

Wata safiya saƙon kamfanin ya shigo, dogon Turanci mai zaƙi, wai ni abokin tafiyarsu ne mai daraja. Sai can ƙasa aka zo kan magana: kamashonsu ya ƙaru, don a inganta hidima. Wace hidima? Matata ke wanke zanin gado, ni ke bin 'yan ga-ruwa idan famfo ya ɗauke. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce ba zan yi wa ƙattin da ban sani ba bauta da tsufana ba. Na ɗauki waya na ƙara kuɗin ɗaki.

A nan na tafka kuskuren. Ni ɗan mai sayar da yadi ne, a rumfar mahaifina na tashi, kuma ban taɓa jin ya faɗi kuɗin ƙarshe da farko ba. Saboda haka ban tsaya a abin da kamfanin ya ƙara ba, na ɗora har da wurin ragi. 'Yata ta kira ni ta ce, "Baba, nan fa ba a tayi. Mutum ya ga kuɗin ya fi ƙarfinsa, wucewa kawai yake yi." Na ce ta rufe mini baki, tun ba a haife ta ba nake ciniki.

Na riga na tsara komai a raina. Malam zai ga sabon kuɗin ya bugo, "Alhaji, yaya haka?" In ce albarka sau biyu, mu yi dariya, in sallama masa a tsohon kuɗi, ni in ɗauke kamashon. Har godiyar da zai yi na fara jin daɗinta.

Wata ya ƙare, shiru. Matata ta ce, "Alhaji, ka kira shi mana." Na ce yaushe mai kaya ya fara bin mai saye da ragi ba a taya ba? Girman kai ne kawai, yanzu na sani. Wata na biyu ma ya wuce haka.

A na uku na hau keke zuwa asibiti dubiyar wani maƙwabci. Ina shiga na hango su a gindin bishiya kusa da katanga. Inna na kwance a tabarma ta yi matashi da ƙullin kayanta, ƙafafunta sun kumbura suntum. Malam ya miƙe ya gaishe ni da ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa wanda ba a saba da shi ba.

Na ce, "Malam, ina kuke kwana?"

"Nan muke ɗan raɓawa a baranda, Alhaji."

"Me ya hana ka kira ni?"

Ya sunkuyar da kai. "Ai mun gane, Alhaji. A wajenmu idan mai gida ya gaji da ɗan haya ba ya cewa tashi, kuɗi yake ƙarawa. Inna ta ce ƙila tarinta ne ya ishe ku."

Na shiga bayanin kamfani da kamasho da wurin ragi, ni kaina ina jin maganar kamar kame-kame. Na roƙe su su taso mu tafi, ko sisi ba na so. Inna ba ta ko juyo ba. Ta ce, "Ka gai da Hajiya. Allah ya saka da alherin baya."

Ranar na mayar da ɗakin tsohon kuɗinsa, kamashon ya dawo wuyana. Kafin la'asar wani ya kama shi, kamfanin har da turo mini saƙon taya murna. Su Malam ba su sake zuwa ba. Bayan wata biyu ya bugo ya gaya mini Inna ta rasu. Kiran da na yi ta jira ke nan.

Kwanan baya wani baƙo ya rubuta a manhajar cewa ɗakin yana da tsabta, sai dai akwai wata tsohuwar kujera a bayan ƙofa da ke ɓata masa kyau. Kamfanin ya turo saƙo yana ba ni shawara in cire ta don in ƙara samun baƙi. Matata ta tambaye ni ko ta kai ta kicin. Na ce ta bar ta inda mai ɗakin ta ajiye.