Buhun Dankalin Sama

A lambun maigidana da ke bakin rafi, can bayan Gude, akwai wata bishiya da babu irinta a duk karkararmu. Ganyenta kore shar rani da damina. 'Ya'yanta kuwa ruwan ƙasa ne, jikinsu da ɗan kaushi, sak dankalin Turawa aka rataya a reshe. Shi ya sa yaranmu suka sa mata dankalin sama. Sai da babban ɗana ya yi nisa a karatu ya gaya mini sunanta a littafi safodila. In ka tsinki ɗanye, wani farin ruwa mai danƙo ne ke tsatsowa kamar na tumfafiya, in kuwa ka kuskura ka gatsa, bauri ya ɗaure maka baki har yamma. Amma in an bar shi ya ƙosa, aka ajiye shi 'yan kwanaki ya yi laushi, sai ka rantse mazarƙwaila aka dama da dabino.

Daga Kano muka zo da ita a cikin gwangwanin madara. A lokacin maigidana ma'aikacin masaƙa ne, kuma wani Ba'indiye da ke kula da sashensu yana da bishiyar a gidansa. Da zamanin tsuke bakin aljihu ya zo aka sallami ma'aikata, har da maigidana. Ba'indiyen ma ya tattara zai koma ƙasarsu, ranar bankwana ya ba shi 'ya'yan itacen cikin leda. Muka shanye, ni kuma na tura ƙwallayen a gwangwani don wasa. Ɗaya ya fito.

Tsakanin sallamar nan da komawarmu gida akwai wani lokaci da ba na son tunawa. Mutumin da ya saba fita da sassafe ya wayi gari ba wurin zuwa. Shinkafa ta gagara, sabulu sai an bi layi. Ya faɗa hannun wasu abokai, ya fara shan giya. Bai taɓa dukana ba, bai taɓa zagina ba. Shigowa yake ya zauna a bakin katifa yana kallon bango, ɗaki ya cika da wani wari mai zaƙi-zaƙi da tsami. Hancina ya haddace warin nan tsaf. Da labari ya kai wa mahaifinsa, ya zo da kansa ya kwaso mu, ya damƙa masa lambu. Maigidana ya tuba, tuba na gaskiya, ya kama noman tumatir da albasa. Sai dai labarin ya riga mu isa Gude, kuma mutane ba su manta ba.

Bishiyar ta yi shekaru ba ta ce komai ba. Da ta fara haihuwa ma kaɗan-kaɗan take yi, yara su wawashe tun kafin su gama laushi. Ban taɓa ganin ɗaya ya kwana ya lalace ba.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a na yi murna kamar kowa. Ƙanena, wanda na goya a bayana, ya shiga cikin matasan sa kai masu lura da unguwa, ina alfahari da shi. Rediyo ba ta da zance sai wannan. A gidan suna, a bakin rijiya, sai ka ji ana cewa an yi wa wani bulala tamanin a wani gari saboda sha, a gaban jama'a, har da 'ya'yansa a wurin. Nakan ce Allah ya kyauta, in ci gaba da aikina. Ban ɗauka zancen ya shafe ni ba.

A bazarar da ta biyo baya bishiyar ta yi 'ya'ya har rassa na sunkuyawa. Maigidana ya cika buhu, ya ɗaure a keke, ya nufi kasuwar Gwarzo yana ta fara'a, yana cewa yau mutanen Gwarzo za su ɗanɗani abin da ba su taɓa ji ba. Ya dawo ina gidan biki. Da na shigo na tambaye shi ya kasuwa, ya ce, "Alhamdu lillahi," ya ɗauki buta ya fita. Ban ƙara tambaya ba.

Bayan 'yan kwanaki, ina miƙa masa kwanon fura da rana, ya buɗe baki zai yi mini sannu, sai warin ya doke ni. Saura kaɗan kwanon ya suɓuce. Na ce wa kaina hancina ne. Washegari na ji shi a rigarsa da na zo wanki. Sai kuma na lura shagon da ke jikin zaure, inda yake ajiye garma da buhunan taki, yanzu da kwaɗo a ƙofar, alhali da igiya kawai muke ɗaurewa. Kullum in ya dawo daga lambu sai ya shiga, ya turo ƙofa, ya jima, ya fito yana goge baki.

Na daina cin abinci sosai. In na ɗora tukunya sai in tsaya ina kallon wuta har tuwo ya kama. In na ji sallamar maza a ƙofar gida gabana ya yanke ya faɗi. Idona ba ya ganin komai sai filin gaban masallaci, da maigidana a durƙushe, furfura ta fara fito masa, yaranmu a cikin taro. Sau da yawa na buɗe baki zan tambaye shi, in ga ya ɗaga kai yana jira, sai in ce gishiri ya ƙare.

Zafi kuwa ya tsananta, warin ya daina ɓuya. Yana bin iska ya ratsa zaure ya shigo tsakar gida. Wata safiya tsohuwar da muke katanga ɗaya da ita ta shigo aron rariya. Muka gaisa, ta tambayi yara, ta tambayi zafi. Tana fita ta tsaya cak a zaure, ta ja numfashi.

"'Yar nan, me kuka jiƙa a nan?"

"Ba komai, Inna. Ƙila taki ne."

"Taki," in ji ta. Ta dube ni, ta dubi kwaɗon. "To. Allah ya rufa asiri."

Ba muguwa ba ce. Amma jikokinta samari ne, kuma a gabansu take hira.

Kwana biyu a tsakani, da hantsi, ƙanena ya yi sallama. Na shimfiɗa masa tabarma, ya ƙi zama. Na kawo ruwa, ya riƙe kofin bai sha ba.

"Yaya, magana ta zo mana."

"Wace magana?"

"Kin sani." Ya kau da kai wajen zaure. "Ni ma ga shi ina ji. Wasu sun ce a fasa ƙofar yanzu. Na roƙe su a bari sai bayan la'asar, a zo da Liman, a yi abin cikin mutunci. Iyakar abin da na iya ke nan."

"Mijin yayarka ne fa. Shi ya saya maka keken makaranta."

"Na sani, Yaya. In na kare shi, gobe da wane baki zan yi wa wani magana? Ki gaya mini gaskiya, kin gan shi yana sha?"

Na ce ban gani ba. Ya ce to me na ji. Na sunkuya na hau naɗe tabarmar. Ya ajiye kofin ya fita.

Na ɗauko taɓarya na tsaya a gaban kwaɗon. Niyyata in fasa, in kwashe ko mene ne in zuba a masai kafin su zo. Na ɗaga ta, hannuna ya ƙi sauka. In na zubar, na ɓoye saɓon Allah. In na bari, na miƙa uban 'ya'yana. Na jingine taɓaryar, na zura hijabi, na kama hanyar lambu da tsakar rana, abin da ban taɓa yi ba ba tare da izninsa ba. Ƙasa na ƙona ƙafa ta cikin silifa. Duk wanda na gamu da shi gani nake ya riga ya ji.

Na same shi yana ban ruwan albasa. Da ya hango ni ya yar da bokitin ya taho da gudu.

"Lafiya? Wani abu ya sami yara?"

"Yara lafiya. Maigida, za su zo da Liman bayan la'asar, za su buɗe shago. Don girman Allah ka gaya mini. Ka koma ne?"

"Na koma ina?"

"Ina jin warin a bakinka."

Ya tsaya yana kallona. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko a kwanakin Kano. Ba fushi ba ne, kamar dai wanda aka zare wa laka. Ya sunkuya ya wanke hannu a kwarin ruwa, ya daɗe yana wankewa. Sannan ya je gindin bishiyar, ya ɗaga ciyawar da ya rufe wani ƙoƙo da ita, ya ɗauki 'ya'ya biyu ya sa a aljihu.

"Mu je," ya ce.

Yana tura keke a gaba, ina binsa a baya, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Da bai musa ba, na ɗauki hakan a matsayin amsa.

Ana idar da la'asar ƙofar gidanmu ta cika. Liman, tsoho ne mai sanyin magana, ya hana taron shiga, ya ce mutum uku sun isa. Ƙanena na cikinsu. Ni ina laɓe a bayan labulen zaure. Na ji ƙarar kwaɗo. Ƙofa na buɗewa warin ya taso gaba ɗaya, ɗaya daga cikin samarin ya ce, "A'uzu billahi!" ya toshe hanci. Ƙudaje suka tashi buu.

Maigidana ya jawo buhu zuwa haske. Gindinsa ya jiƙe sharkaf, wani baƙin ruwa mai kumfa na bin ƙasa. Ya kwance bakin, ya zazzage. Dankalin sama ne, duk sun fashe sun narke.

"Allah gafarta Malam, kayan lambuna ne," in ji shi. "Na kai Gwarzo, na wuni, ba wanda ya saya. Wani ya gatsa ɗanye ya tofar, ya ce guba nake sayarwa, mutane suka yi ta dariya. Na ji kunyar in shiga gida da shi. Na ce zan kai Kano, mota ta yi wuya saboda rashin mai. Kullum nakan zaɓi masu dama-dama in ci, don kada su tafi a banza."

Na zame na zauna a ƙasa. Na ɗauka an gama. Sai saurayin nan ya ce, "Malam, ai da irin wannan ake haɗa ta. Dubi kumfa. Kuma kowa ya san tarihinsa."

A waje na ji ana maimaita maganar, tana tafiya baki-baki. Tsoron da ya sake kama ni ya fi na farko, don yanzu na san bai yi ba, kuma na ga hakan ba lalle ya cece shi ba.

Liman ya sa aka fito da komai na shagon. Garma, lauje, buhunan taki, tsohuwar tayar keke. Ba tulu, ba kwalba, ba tukunya. Ya dubi maigidana.

"Da ka ci, ya taɓa juya maka kai?"

"Wallahi bai taɓa ba. Sai dai ciki ya murɗa."

"Akwai mai kyau?"

Maigidana ya ciro na aljihunsa, ya ɓare ɗaya da yatsa, ya cire baƙaƙen ƙwallayen, ya ce a kula da su don suna da ɗan ƙugiya a baki, suna iya maƙalewa a wuya. Liman ya yi bisimilla ya ci. Ya tauna a hankali, kowa na kallon bakinsa. Ya miƙa wa saurayin ragowar. Yaron ya karɓa ya ci.

"Wannan ɗan itace ne," in ji Liman. "Mangwaro ma in ya ruɓe a buhu haka yake yi. Ba a yi wa Musulmi hukunci da zato, kuma wanda ya tuba ba a bin sa da abin da ya wuce. Kai kuma, abin da ya canza wari ka daina ci. A haƙa rami a binne wannan."

Ƙanena ne ya tattara ruɓaɓɓen da hannunsa, ya saɓi buhun, ruwan na zuba a farar rigarsa. Bai dubi kowa ba.

Taro ya watse, amma maganar ba ta watse nan da nan ba. An jima ana tsokanar yaranmu a makarantar allo, wasu mata kuma suka rage shigowa. Ni kuwa zazzaɓi ya kwantar da ni, ko motsi na ji a zaure sai in zabura in tashi zaune. Maigidana ya sayo magani, ya ɗebo ruwa, ya kula da yara, amma magana ba ta wuce ta dole. Sai da na warware, wata rana ina tsince shinkafa a inuwa, ya zo ya zauna a kan turmi.

"Da kin tambaye ni tun ranar farko," ya ce.

"Amsar nake tsoro."

Ya gyaɗa kai. Ya ce shi ma da ya faɗi gaskiyar kasuwa da ba a kai nan ba. Muka bar ta a haka.

Ƙanena bai sake taka gidan ba sai da ruwa ya sauka. Ya zo da yamma ya tsaya a zaure yana ta sallama, ya kasa shigowa. Maigidana ya fita da kansa ya kamo hannunsa, ya zaunar da shi a tabarmarsa. Ina jin su daga madafa, suna zancen tsadar taki da irin gero mai saurin nuna, har aka kira magariba suka tashi suka tafi masallaci tare.